Ramin da Aka Haƙa a Garken Raliya

Duk wanda ya zauna a ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure a shekarun alif ɗari tara da tamanin, in bai san Raliya da fuska ba, to ya san muryarta. Doguwa ce siririya mai wushirya. Idan ta tsaya a bakin kanal tana yi wa wani manomi faɗa don ya jefi maraƙinta, masu cirar tumatir a can nesa sai sun miƙe sun dafe ƙugu sun saurara. Mafaɗaciya ake ce mata, kuma ba ta taɓa musantawa ba. Abin da takan ce shi ne, ba da faɗa aka haife ta ba, koya mata aka yi.

A ruga aka haife ta, tun kafin a kawo ruwan noman rani. Uwarsu ta rasu wajen haihuwar autanta Maharazu, saboda haka a bayan Raliya ya girma, da nonon saniya ta raine shi. Da aka zo neman yara don makarantar boko, mahaifinsu ya ba da shi, tunda dai ba shi da ƙarfin bin shanu. Ashe kansa na ja. Ya wuce makarantar kwana, ya wuce jami'a, har aka kai shi Turai ya karanci ilimin haɗa sinadarai. Ita kuwa ta auri Ibrahimu, makiyayi irin ubanta, ta haifi 'ya'ya mata ta aurar da su.

Zuwan kanal ne ya fara ɓata mata rai. A da, da zarar an girbe dawa, gonaki sun zama na shanu har ruwa ya sauka. Da aka haƙa magudanan ruwa, sai suka datse burtali, kuma ƙasa ta daina hutawa. Ana kwashe dawa za a zuba alkama, ko a dasa tumatir da albasa. Ko'ina kore shar, shanu kuwa na tsaye a tsakiya da yunwa, duk inda suka miƙa baki sanda ce ke jiransu. Abin da ya rufa wa gidan asiri shi ne amincin Ibrahimu da wani manomi mai suna Jaji, wanda ke da babbar gona a kan tudu inda ruwan kanal bai kai ba. Duk kaka shanun kan koma can su kwana a gonar har ƙarshen rani. Su ci kara da harawa, su bar masa taki. Ba a taɓa zama an tsara ba, haka iyayensu suka yi, haka su ma suka taso suna yi.

Sai annobar bushiya, cutar shanu, ta shigo a 1983 ta kwashe fiye da rabin garken. Ibrahimu bai daɗe a bayansu ba, ya kwanta ciwo ya rasu. Aka bar Raliya da ragowar shanun da kuma Dattijo, wan mijinta, tsoho mai ciwon gwiwa, wanda ke lallaɓawa ya kai su kiwo. Ita ke tatsa, ita ke kaɗa mai, ita ke ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwa.

A ƙarshen daminar shekarar da ta biyo baya Maharazu ya zo. Ya dawo daga Turai, yana koyarwa a wata jami'a, ana ce masa Dakta. Ya zauna a tabarma ya sha fura, ya yi ta'aziyyar da bai samu yi ba, sannan ya miƙe ya nufi inda shanu ke kwana. Raliya ta same shi tsugune yana tona kashin saniya da tsinke.

"Kai kuwa me ka yar a nan?" in ji ta.

"Adda, arziki nake kallo," ya ce, don haka yake kiran yayar tasa.

Ya yi mata bayani a hankali, yadda yake yi wa ɗalibai. Akwai wata iska mai kama wuta, sunanta metan. Ita ce ke fitowa daga rijiyoyin mai a kudu, ake ƙone ta a banza dare da rana. Masana a ƙasashe da dama sun duƙufa neman hanyar da za a gasa ta tare da iskar da muke shaƙa, a kan wani garin sinadari na musamman, ta rikiɗe ta zama wata iska mai daraja da ake kira etilin, wadda masana'antu ke nema ido rufe. Duk wanda ya fara gano garin da ya dace, ya gama wa ƙasarsa komai. Shi ma yana cikin masu neman. Matsalarsa ɗaya: tukwanen iskar da ake kawo masa daga waje sun daina zuwa, gwamnati ta tsuke shigo da kaya. Amma wannan iskar tana tashi daga kashin shanu in an jiƙa shi an rufe ya ruɓe.

"Rami kawai zan gina a nan," ya ce. "Ke dai ki riƙa zuba masa ɗanyen kashi kullum da safe."

"Kullum? Shanun nan gonar Jaji za su koma in an yi girbi."

"Ai sai su zauna nan bana. Abin da ke fitowa ta bayan ramin ya fi taki kyau, sai ya zo ya ɗiba. Shekara guda ce kawai, Adda."

Dattijo ya girgiza kai ya ce shi dai bai ga alheri a raba shanu da makwancinsu ba. Raliya ma ba ta gani ba. Amma yaron nan da ta goya ne yake roƙonta, kuma tun da ya yi wayo bai taɓa roƙonta komai ba. Ta ce to.

Magina suka zo daga birni suka haƙa rami mai zurfi, suka gine shi da bulo da siminti, suka kifa masa wata babbar ganga ta ƙarfe mai famfo a ka. Daga ranar aikin Raliya ya ninka. Kafin ta tatsa sai ta bi garke da daro tana kwashe kashi da hannu. Sai ta je kanal ta ɗebo ruwa, ta dama shi kamar kunu, ta tsince ciyawar ciki, ta ɗura a bakin ramin. Da gangar ta fara ɗagawa, Maharazu ya riƙa zuwa da akori-kura ranar Asabar, ya cika tif ɗin tayoyin tarakta da iskar, ya ɗaure su a baya ya tafi. Ran da ya fara kunna ashana a bakin famfon wata wuta shuɗiya ta tashi, har tsalle ya yi. Ita ma ta yi dariya a ranar, ba za ta ɓoye ba.

Da aka gama girbi Jaji ya zo da kansa. Ya gaishe ta, ya ce gona ta shirya, yaushe shanu za su hau? Ta faɗa masa yadda ake ciki, ta kai shi bayan ramin ta nuna masa baƙin ruwa mai kauri da ke tsiyayowa.

Jaji ya daɗe yana kallo. "Raliya, wannan da me zan kai shi kan tudu? Da tulu? Saniya ita ke kai takinta da ƙafarta, ta ajiye inda ake so."

"Dakta ya ce ya fi taki kyau."

"Dakta ya taɓa ɗaukar sa a ka?" Ya gyara hularsa. "Ni ban yi faɗa da ke ba. Amma gonata ba za ta kwana babu shanu ba."

Kafin sati ya zagayo, wasu baƙin makiyaya da suka gangaro daga arewa sun sauka a gonar. Raliya ta tsaya daga nesa ta ga shanun wasu suna cin karan da nata suka saba ci tun suna maruƙa. Ta je ƙofar gidan Jaji ta zazzage masa duk abin da ke bakinta, ta tuna masa Ibrahimu, ta tuna masa shekarar da shanunsu suka tayar masa da gonar da ta mutu. Bai tanka ba sai da ta gama, sannan ya ce, "Ke kika fara janyewa." Wannan ce ta fi ƙona mata rai, don ta san gaskiya ya faɗa.

Ranin shekarar ya zo da tsanani, don daminar ba ta yi kyau ba. Dattijo ya riƙa jan shanun a gefen hanya da bakin kanal, masu gadin ruwa na korarsu, manoma na zaginsu. A kasuwa kuma wata fitina ta ɓullo. Wata mai sayar da nono ta fara yaɗa cewa Raliya da hannun da take dama kashi take dama fura. Ita da ke wanke hannu da toka da sabulu har fatar ta tsage! Masu sayenta na shekara da shekaru suka riƙa wuce ƙwaryarta suna kau da kai. Matasa masu lodin tumatir suka sa mata suna mai tusar shanu. Ranar da ɗaya ya faɗa a gabanta, ta kwaɗa masa ludayi a goshi, sai da dattawan kasuwa suka shiga tsakani.

Ta faɗa wa Maharazu duk wannan wata Asabar yana ɗaure tif. Ya ce ta yi haƙuri, jahilci ne ke damun mutane, kuma aikin ya kusa. Ya kawo buhun dusa sau ɗaya, bai sake ba, don shi ma albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Shekarar da ya ce ta cika, ya ce a ƙara masa kaɗan, yanzu ne ya samo wani sabon gari da yake sa rai a kansa. Ta ƙara masa. Kaka ta sake zuwa, baƙin nan suka sake sauka a gonar Jaji.

A bazarar 1986 shanun sun zama ƙashi da fata. Yunwa ta koya musu bin juji. A bakin titi inda ake lodin tumatir akwai tarin shara, ruɓaɓɓen tumatir haɗe da ledojin cikin buhun takin zamani da na ƙulle-ƙullen 'yan kasuwa, duk sun sha gishiri da mai. Dattijo ba shi da ƙafar da zai riƙa tsere da su. Akwai wata farar saniya da ake kira Ɗanwake, wadda ta tsira daga bushiya, ita ce uwar rabin abin da ya rage a garken. Ta fara ƙin tuƙa, cikinta ya kumbura, jikinta na zubewa. Raliya ta ba ta kanwa, ta ba ta saiwoyi, ta kira mai allura. Wata safiya ta durƙusa ta kasa tashi, dole aka kira mahauci kafin ta mutu mushe.

Da ya farke tumbin, sai ya ja baya ya kira Raliya. Babu ciyawa a ciki. Wani dunƙule ne baƙi ƙirin, ya fi tulu girma, leda ce ta nannaɗe da igiyar roba ta cure ta yi tauri kamar dutse.

Raliya ba ta yi kuka ba. Ta sa aka wanke dunƙulen, ta cusa shi a buhu, ta ɗaura mayafi, ta tari motar birni. Ba ta taɓa zuwa jami'ar ba, amma ta yi ta tambaya har aka kai ta ƙofar ɗakin binciken Dakta Maharazu.

Ta zaci za ta ga wani ƙaton inji mai ruri. Abin da ta gani ɗaki ne mai zafi, fanka a tsaye don babu wuta, tif ɗinta a jingine a lungu. Kan tebur akwai kwalabe da aka jera ana bi da iskar ta cikinsu don a tace ta, da wani ɗan murhun lantarki kamar akwati, da wani siririn bututun gilashi da bai fi yatsa kauri ba, an cusa masa farin gari kaɗan a tsakiya. Maharazu na zaune yana fifita da kwali. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Adda! Lafiya? Wa ya rasu?"

"Nuna mini," ta ce. "Nuna mini abin da ka samu."

Ya nuna mata bututun. Ya ce a nan ake gasa iskar, da zafin da ya fi na maƙera. Matsalar ita ce yawancinta ƙonewa take yi ta zama hayaƙin banza, kaɗan ce ke zama etilin. In ya ƙara wuta don ya samu da yawa, sai wadda ya samu ɗin ma ta ƙone. Haka abin yake yi wa kowa, har Turawan. Ga kuma wutar lantarki da ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki, murhun ya huce, a koma farko.

"Ina wadda ka tara?"

"Ba a tarawa, Adda. Aunawa ake yi, sai a sake ta."

"A sake ta ina?"

Ya nuna taga.

Raliya ta dubi tagar. Duk safiyar da ta duƙa, duk ruwan da ta ɗauko, gonar Jaji, masu sayen nononta, ashe ta taga suke fita. Ta danne fushinta, ta ce, "To in an dace, an samu da yawa, me ake yi da ita? Magani ce? Abinci ce?"

"Abubuwa da yawa. Mafi yawa dai roba. Bokiti, bututun ruwa, leda..."

"Leda."

"Leda, eh. Ai yanzu daga waje ake..."

Ta zazzage buhun a kan teburin. Dunƙulen ya faɗo da ƙarfi, kwalba ɗaya ta mirgina ta fashe, wari ya cika ɗakin.

"Ga ledarka nan! Daga cikin Ɗanwake aka ciro ta yau da safe. Ka san Ɗanwake? Jikar saniyar da ka sha nononta ce, ran da babu mai ba ka. Ka zo ka tsugunna a garkena ka ce arziki kake kallo. Ka raba ni da Jaji, ka sa ni dama kashi kamar mahaukaciya, aka daina shan nonona a kasuwa, shanuna suka koma cin juji. Duk don me? Don ka koyi yadda za a ƙara yawan abin da ke kashe su!"

"Adda, ba haka ba ne. Wannan ledar ba ni na yi ta ba. Ni ko ƙwaya ɗaya ban..."

"Na sani! Ko ita ba ka iya yi ba! Da ka yi ma, da na ce ga abin da saniyata ta mutu a kai."

Mutane sun taru a ƙofa. Maharazu ya rufe ta, ya dawo ya tsaya yana kallon dunƙulen. Ya ce bai san abin ya kai haka ba.

"Na faɗa maka. Kana ɗaure taya kana cewa in yi haƙuri. Ka taɓa tambayata me shanun suka ci? Kashinsu kawai kake tambaya, ya yi yawa ko ya ragu."

Da ya buɗe baki kuma, sai ya faɗi abin da ya fi komai muni a ranar. Ya ce dama yana shirin zuwa ya same ta. An ba shi gurbi a wani ɗakin bincike a Turai, inda iskar ke zuwa a tukwane tsarkakakkiya, wuta ba ta ɗaukewa. Bayan sallah zai tafi. Ba sai ta ƙara zuba wa ramin komai ba.

Raliya ta dube shi tun daga sama har ƙasa. "Yaushe ka sani?"

"An ɗan jima."

"Kafin bazara?"

Ya kau da kai. Ta naɗe buhunta ta fita, ta bar masa dunƙulen a kan tebur.

Washegari ta ɗauki taɓarya ta karya famfon gangar. Ta sa aka cire ƙarfen ta ba maƙeri, ramin kuma ita da Dattijo suka yi ta cika shi da ƙasa har ya baje, don kada maraƙi ya faɗa. Da kaka ta zo, ta taka har gidan Jaji, abin da ba ta taɓa zaton za ta yi ba, ta ce ta zo neman alfarma. Jaji ya ce ya riga ya yi wa baƙin alkawari, ba zai kore su ba, amma akwai gefen gonar ta yamma, mai tsakuwa, in tana so. Ta karɓa. Ta dawo gida tana zage-zage ita kaɗai a hanya, amma ta karɓa.

Garken bai koma yadda yake ba. Dattijo ya kwanta a shekarar da ta biyo, ƙafar ta ƙi, sai Raliya ta ɗauki sanda da kanta, mace mai jikoki, tana bin shanu a bakin kanal. Kasuwar nono ta dawo a hankali, ba duka ba. In tumatir ya yi kwantai takan saya ta yanka ta shanya, ta sayar da damina, da haka take cike giɓin.

Maharazu bai dawo ba sai a 1989, da Dattijo ya rasu. Ya yi ƙiba, ya yi furfura a gefen kai. Bayan an watse daga zaman makoki ya same ta a bayan ɗaki tana wanke ƙore. Ya tsugunna nesa kaɗan.

"Adda, ki yafe mini."

Ta ci gaba da wankinta. "An dace da aikin?"

"Har yanzu dai ana nema. An ɗan matsa gaba, amma bai kai a kafa masana'anta ba."

"Can ma?"

"Can ma."

Ta kife ƙwarya, ta ɗauki wata. "Na yafe, don ina so Allah ya yafe mini nawa. Amma kada ka zaci na huce. Ban huce ba, kuma ban ga ranar ba."

Ya ce yana so ya saya mata shanu biyu ko uku kafin ya koma.

"Su ci me?" in ji ta. "Ka je ka duba inda za su yi kiwo tukuna, in ka samo ka zo mu yi magana."

Can ta ce masa akwai tuwo a ɗaki in zai ci, ya rufe in ya gama saboda kaji. Ta ɗauki sandarta ta fita, don rana ta yi, kuma an ce sabon mai gadin ruwa ya fara ɗaure shanun da ya kama a bakin kanal.